Sharhi: Rage kwanakin gashi kafin tiyatar kansar tsoka, da abin da zai tsinana wa majinyatan Nijar

Manyan asibitocin kansa a Polan, Amurka da Holan sun shafe sama da shekara 10 suna gwada rage kwanakin gashin da ake yi wa masu kansar tsoka kafin tiyata, daga mako 5 zuwa mako 3, wasu ma zuwa kwana 5. Sakamakon ya zuwa yanzu yana da ƙarfafa gwiwa. A Nijar, inda majinyaci ke barin Damagaram ko Tawa ya tare a Yamai saboda gashi, wannan ragi na iya zama bambanci tsakanin kammala magani da watsar da shi a tsakiya. Sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan abin da aka yi wa ƙullutun tun ranar da aka fara nuna shi a asibitin gari.

Ciwon da ke shigowa shiru

Abin da likitoci ke kira sarkoma kansa ce da ke tasowa a naman jiki: tsoka, kitse, jijiyoyi, hanyoyin jini da tantanin da ke riƙe gaɓoɓi. Ba ta kai kansar mama ko ta bakin mahaifa yawa ba, domin kusan kashi 1 cikin 100 ce kawai ta kansar da ke kama manya. Amma nau'inta ya haura 50, kuma tana kama matasa masu jini a jika kamar yadda take kama tsofaffi. Ta fi fitowa a ƙafa, musamman cinya, sannan hannu, baya da ƙirji.

Galibi tana farawa ne da ƙullutu ƙarƙashin fata ko can cikin nama, babu zafi, babu zazzaɓi, ba ya hana mutum noma ko cin kasuwa. Yawancin irin waɗannan ƙullutai kitse ne marar illa, shi ya sa daga majinyaci har ma'aikacin lafiya ba a cika ɗaukar abin da muhimmanci ba. Ƙa'idar likitocin kansa ita ce: ƙullutun da ya wuce santimita 5, wato kamar ƙwan kaza, ko yake ƙara girma, ko yake can cikin tsoka, ko ya fara ciwo, ko ya dawo bayan an cire shi, abin zargi ne har sai gwaji ya wanke shi. Idan cutar ta yaɗu, huhu ta fi nufa.

Yadda aka zo ga mako 5

Har zuwa shekarun 1970, yanke ƙafa ko hannu shi ne abin da aka saba yi wa mai babbar sarkoma a gaɓa. A 1982 likita Steven Rosenberg da abokan aikinsa na cibiyar binciken kansa ta Amurka suka fitar da sakamakon gwaji a kan majinyata 43. Wasu an yanke musu gaɓar, wasu an cire ƙarin kawai aka haɗa musu da gashi. Ba a ga bambanci a tsawon rayuwar rukunonin biyu ba. Daga nan aka koma ga ceton gaɓa, kuma a yau a manyan cibiyoyi kusan 9 cikin 10 na majinyata na fita da ƙafarsu ko hannunsu.

Gashi, wanda a asibiti ake kira rediyoterafi, shi ne auna ƙarin da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayoyin cutar. Ba wuta ake sa wa mutum ba, kuma ba ya jin zafi a lokacin da na'urar ke aiki. Ana auna yawansa da ma'aunin da ake kira gire. An saba rarraba shi kaɗan-kaɗan a kowace rana, domin lafiyayyen naman da ke kewaye da ƙarin ya samu lokacin farfaɗowa tsakanin zama da zama.

Tambayar da ta rage ita ce ko kafin tiyata za a yi gashin ko bayanta. Wani gwaji da aka yi a Kanada a kan majinyata 190, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2002, shi ne ya ba da amsar da ake aiki da ita har yau. Waɗanda aka gasa kafin tiyata sun samu gire 50 a zama 25, Litinin zuwa Juma'a, tsawon mako 5. Waɗanda aka gasa bayan tiyata sun samu gire 66 a zama 33, fiye da mako 6. Duka hanyoyin biyu sun hana cutar dawowa daidai wa daida. Bambancin yana ga illa. Kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka gasa kafin tiyata sun gamu da babbar matsalar miki, kamar ruɓa, buɗewar ɗinki ko sake shiga ɗakin tiyata, alhali kashi 17 ne kawai a ɗaya rukunin. Amma da shekaru suka ja, waɗanda aka gasa bayan tiyata su ne suka fi fama da taurin nama, kumburi da sandarewar gaɓa. Miki yana warkewa, sandararriyar gwiwa kuwa ta zauna ke nan. Saboda haka a 2021 ƙungiyar likitocin gashi ta Amurka ta fifita gashi kafin tiyata, a kan ma'aunin gire 50 a zama 25.

Abin da gwaje-gwajen ragi suka nuna

Tunanin rage kwanaki bai fara daga kansar tsoka ba. Tun 1997 likitocin Suwidin suka nuna amfanin gashin kwana 5 kafin tiyatar kansar dubura. A 2020 wani gwajin Birtaniya a kan mata sama da 4,000 ya nuna cewa zama 5 cikin mako guda na yi wa kansar mama aikin da zama 15 ke yi. Annobar korona ta ƙara tura asibitoci ga gajerun jadawali don rage zirga-zirgar majinyata. Ga sarkoma kuwa akwai ƙarin dalili: masana na kyautata zaton ƙwayoyinta sun fi jin babban bugu a kan ƙananan bugu masu yawa.

Cibiyar kansa ta Warso, babban birnin Polan, ita ce ta fara da adadi mai yawa. A 2014 ta ba da rahoton majinyata 272 da aka ba gire 5 a kowace rana tsawon kwana 5, aka yi musu tiyata cikin ƴan kwanaki. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun samu matsalar miki, kuma cutar ta dawo a wurinta ga kusan mutum 1 cikin 5. Wannan adadi ya sa wasu likitoci ganin cewa jimillar gire 25 ta yi kaɗan.

A Los Anjeles na Amurka, jami'ar UCLA ta ɗaga ma'aunin zuwa gire 6 a rana, jimilla 30 cikin kwana 5. A sakamakon da ta fitar a 2020 kan majinyata 52, kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ne suka gamu da babbar matsalar miki. Cibiyar MD Anderson ta birnin Hustan ta bi tsaka-tsaki: gire 42.75 a zama 15, mako 3. Cikin majinyata 120, mutum 37 ne, wato kashi 31, suka samu matsalar miki, kamar yadda aka buga a 2022. Da aka ci gaba da bibiyarsu, fiye da kashi 90 cutar ba ta dawo musu a wurin ba bayan shekara 4.

A Holan an gwada wata hanya dabam ga wani nau'in sarkomar kitse mai yauƙi, wadda ke saurin jin gashi. An rage jimillar zuwa gire 36 a zama 18. Cikin majinyata 79 da aka ba da rahotonsu a 2021, kashi 17 ne kawai suka samu matsalar miki, kuma babu wanda cutar ta dawo masa a wurin cikin kimanin shekara 2 na bibiya.

Idan aka jera waɗannan alƙaluma, abu biyu ne ke fitowa. Na farko, in ban da nau'in nan mai yauƙi, gajeren gashi bai ƙara matsalar miki ba, bai kuma rage ta ba: kusan mutum 1 cikin 3 ne, kamar yadda yake a mako 5. Ribar da aka samu ta lokaci ce. Na biyu, duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne ba tare da raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba, an kwatanta su ne da tsofaffin alƙaluma. Don cike wannan giɓi aka ƙaddamar da gwajin ƙuri'a a Holan da ke kwatanta zama 14 da zama 25. Wannan ne ya sa asibitoci da dama ke ci gaba da riƙe mako 5 a matsayin ƙa'ida, suna amfani da gajeren jadawali ga zaɓaɓɓun majinyata.

Lissafin mutumin Damagaram

A watan Maris na 2021 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya buɗe sashen gashi na farko a Nijar, a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, CNLC, da ke Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Sashen ya fara ne da na'ura mai aiki da sinadarin kobal, kuma hukumar ta ce ana sa ran zai riƙa gasa kimanin mutum 600 a shekara. A ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2020, kusan mutum 10,000 ne ke kamuwa da kansa a Nijar kowace shekara, kuma masana na cewa kimanin rabin masu kansa na buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. A 2022 Nijar ta shiga sahun ƙasashen Afirka 7 na farko a shirin AIEA na faɗaɗa gashi.

Daga Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne, daga Maraɗi kimanin 660, daga Damagaram kusan 900. A ɗauki misalin manomi daga ƙauyen Mirriya ko Magariya da aka gano sarkoma a cinyarsa. Zaman gashi ɗaya ba ya wuce ƴan mintuna, amma sai ya kasance a Yamai kowace ranar aiki. Zama 25, daga Litinin ta farko zuwa Juma'ar ƙarshe, kwana 33 ne. Zama 15 kwana 19 ne. Zama 5 kuwa kwana 5. Ba a lissafa kwanakin hoto da awo da ake yi kafin a fara ba, domin su ba sa canzawa.

Majinyacin ba shi kaɗai ke tafiya ba. Akwai mai jinya, ƙane ko mata ko ɗa, wanda shi ma ya bar sana'arsa. Akwai kuɗin mota, abinci, tasi zuwa asibiti safe da yamma, da nauyin da ake ɗora wa ɗan'uwan da aka sauka a gidansa, in ma akwai shi. Idan abin ya faɗo a damina, wata guda a Yamai na nufin gonar da ba a nome ba. Tun 1 ga Satumba 2024 hukumomi suka rage kuɗin magani da rabi a asibitocin gwamnati, amma wannan ragi ba ya biyan kuɗin mota ko masauki. Idan guzuri ya ƙare a mako na uku, majinyaci kan koma gida da rabin magani, kuma gashin da aka katse ba ya yin aikin da aka tsara masa. Haka lissafin yake ga waɗanda ke ƙetarawa zuwa asibitocin koyarwa na Sakkwato ko Zariya a Najeriya.

Na'urar ma tana da nata lissafi. Gurbin zama 100 na ɗaukar majinyata 4 idan kowa zai yi zama 25, majinyata 6 idan zama 15 ne, majinyata 20 idan zama 5 ne. A zahiri ribar ba ta kai haka ba, saboda babban zama ya fi ƙarami ɗaukar lokaci, kuma aikin tsarawa ɗaya ne ga kowane majinyaci. Duk da haka kowane gurbi da mai sarkoma ya saki na komawa ga mace mai kansar mama ko ta bakin mahaifa da ke jiran layi.

Inda ake buƙatar hattara

Abin da ya yi kyau a Hustan ba lalle ne a kwafe shi kai tsaye a Yamai ba. Gwaje-gwajen Amurka an yi su ne da na'urorin zamani masu aiki da lantarki, waɗanda ke lanƙwasa hasken daidai siffar ƙarin, suna kuma ɗaukar hoto kafin zama don tabbatar da saiti. Na'urar kobal tana magani, ta kuma ceci rayuka da yawa a duniya, amma gefen haskenta bai kai na waɗancan kaifi ba, kuma fata ta fi shan sa. Ƙarfin kobal ɗin yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da ƴan watanni, don haka zama na ƙara tsawo yayin da na'urar ke tsufa. Idan aka kuskure saiti sau ɗaya cikin zama 25, kashi 4 cikin 100 na maganin ne ya ɓaci. Sau ɗaya cikin zama 5 kuwa, kashi 20 ne. Ta wannan fuska jadawalin mako 3, wanda bugunsa bai kai gire 3 a rana ba, ya fi na kwana 5 kusa da abin da aka saba, ya kuma fi yafe kuskure.

Sai batun miki. Mutum 1 cikin 3 da aka ambata an same shi ne a asibitocin da ke da likitocin gyaran fata, magunguna da ma'aikatan wankin ciwo a kusa. Haɗarin ya fi yawa a ƙafa a kan hannu, da ga mai ciwon suga, mai shan taba, da wanda ƙarinsa ya wuce santimita 10 ko ya kusa fasa fata. Majinyacin da aka sallama ya koma ƙauye mai nisan kilomita ɗaruruwa, a cikin zafi da ƙura, yana buƙatar sanin wanda zai duba mikinsa da inda zai nufa idan ɗinki ya buɗe.

Haka kuma gashi kafin tiyata alƙawari ne tsakanin sassa biyu na asibiti. A yawancin jadawalai ana yin tiyatar ne tsakanin mako 3 zuwa 8 bayan zaman ƙarshe. Gashin shi kaɗai ba ya raba mutum da sarkoma. Idan aka gasa cikin kwana 5 sannan majinyaci ya yi wata 4 yana neman ranar tiyata ko kuɗinta, lokacin da aka tara ya zube. Kuma waɗannan sakamako sun shafi sarkomar ƙafa, hannu da bangon jiki ne ga manya. Ta cikin ciki, ta ƙashi da ta ƙananan yara kowace da tsarinta, yayin da ƙaramar sarkoma marar zafin yaɗuwa kan wadatu da tiyata kawai.

Wuƙar farko

Duk wannan muhawara ba ta da amfani ga wanda aka riga aka yanka. Ba a iya yin gashi kafin tiyata sai ƙarin yana nan a wurinsa, an san sunansa da iyakarsa. Abin da ke faruwa sau da yawa, har a ƙasashen Turai, shi ne a ɗauki ƙullutun a matsayin kitse ko maruru, a cire shi a ƙaramin ɗakin tiyata ba hoto ba gwaji. A ƙasar Hausa akwai ƙarin hanya: wanzami ya yi tsaga ko sakiya, ko a shafa magani mai cin fata. Sarkoma tana da wani siririn tantani da ke sa ta fita kamar ƙwai daga ɓawo, mai aikin ya ɗauka ya gama, alhali ƙwayoyinta sun wuce tantanin, wuƙar kuma ta watsa su cikin mikin. Bayan watanni ƙullutun ya dawo. A lokacin sai tiyata ta biyu mai faɗi, da gashi a wuri mafi girma, wani lokaci ma yanke gaɓar da aka so cetowa.

Maganar da ake yawan ji cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe ko allura tana da tushe a irin wannan abin da mutane suka gani da idonsu. Amma darasin da ke ciki shi ne yanka ba tare da sani ba ke ɓata lamari. Allurar ɗebo samfuri da gwani ya yi a inda ya dace ba ta watsa cutar, domin ana cire hanyar da ta bi tare da ƙarin a ranar tiyata. Jerin da likitocin sarkoma ke bi a ko'ina ɗaya ne: hoto tukuna, IRM in da hali ko sikana, da hoton ƙirji don duba huhu, sannan samfuri da allura a kai ɗakin gwaji, sannan likitan tiyata, likitan gashi da mai karanta samfuri su zauna su yanke shawara tare. Tun ran gini, ran zane.

Abin da za a iya farawa da shi

Matakin da ya fi araha ba ya buƙatar sabuwar na'ura. Umarni ne a rubuce ga kowane CSI da asibitin gunduma cewa ƙullutun da ya kai ƙwan kaza, ko yake cikin tsoka, ko yake girma, ba a yanka shi a nan, tura shi ake yi. Manyan asibitocin Damagaram, Maraɗi da Tawa na iya zama wuraren ɗaukar hoto da samfuri, ta yadda samfurin da hotunan ne za su riga majinyaci isa Yamai, shi kuma ya taso ranar da aka ba shi. Kada a fara gashi sai an tsayar da ranar tiyata da wanda zai yi ta. Wankin miki da bibiya kuma a tsara su a asibitin da ya fi kusa da gidan majinyaci, da lambar wayar da zai kira.

Zaɓen jadawali aikin likitocin CNLC ne, su da suka san na'urarsu da majinyatansu. Duk wanda suka zaɓa, rubuta sakamakon kowane majinyaci, mikinsa, tafiyarsa da ko cutar ta dawo, zai ba Nijar alƙaluman kanta, domin gwaje-gwajen da aka ambata duka a Turai, Kanada da Amurka aka yi su. Shi kuma majinyaci da danginsa suna da haƙƙin yin tambaya uku kafin a taɓa ƙullutun: an ɗauki hoto da samfuri? gashi zai zo kafin tiyata ko bayanta, kuma zama nawa? wace rana ce tiyatar?